Babi na 6: Daga Hanwa zuwa Umuahia, a Bin Sawun Jiragen Yaƙi

Mutanen Hanwa, a Zariya, ba sa ɗaga kai don jirgi ya wuce. Tun da hantsi ƙananan jirage masu farfela ke tasowa daga filin Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama, su yi ta shawagi a kan Palladan da Hanwa da Samaru, su sauka, su sake tashi, har kunne ya saba. Kwalejin, wadda direbobin bas da 'yan acaɓa ke kira Abiyeshin kawai, an kafa ta a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya. A nan Kyaftin Chinyere Kalu ta koyi tuƙi, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin fasinja, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci makarantar. Jiragen da ke wannan fili na farar hula ne, ko harsashi guda ba sa ɗauka.

Sai dai tsakanin Sabon Gari da Samaru, tarihin soja da na jirgin sama sun daɗe da cuɗanya. A Sabon Gari Daffo take, inda ake horar da kuratan sojan ƙasa tun 1924. A nan kuma makarantar soja ta yara take, wadda aka buɗe a 1954. Barikin da ya ƙunshe su sunansa Chindit, kuma mutane da yawa na wucewa ta ƙofarsa kullum ba tare da sun tambayi inda aka samo sunan ba.

Daga ƙasar Bama aka samo shi, a Yaƙin Hitila. Chindit wata runduna ce ta musamman da Janar Orde Wingate na Birtaniya ya haɗa don ta shiga bayan dagar Japanawa ta yanke musu hanyoyin jirgin ƙasa da na mota. A 1944 an haɗa mata da birged guda ta Afirka ta Yamma mai bataliya uku ta sojan Nijeriya: ta 6 da ta 7 da ta 12. Ba da ƙafa suka shiga ba. A jiragen Dakota aka kwashe su daga Indiya, aka sauke su a filayen da aka share a tsakiyar kurmi, su da makamansu da alfadaransu. Can a kwarin Kaladan kuma, sauran runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda daga cikinta aka ciro birged ɗin, ta shafe watanni ba hanyar mota, abinci da harsashi sai dai a jefo mata daga sama da laima. Da yawa daga cikin waɗannan sojoji 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki. Ke nan akwai manoman ƙasar nan da suka hau jirgin sama tun kafin yawancin ma'aikatan En'e su taɓa ganin cikinsa.

Kafin su ma an yi wani abu. Ranar 27 ga Oktoba 1925 jirage uku na mayaƙan saman Birtaniya, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alkahira. Suka bi ta Sudan da Chadi da Maiduguri, ranar 1 ga Nuwamba suka sauka Kano, zamanin Sarki Usman. Jagoransu Arthur Coningham ne, wanda daga baya ya shugabanci mayaƙan saman Birtaniya a yaƙin hamadar Afirka ta Arewa. Jirage ne masu fiffike biyu, ɗaya bisa ɗaya, jikinsu katako da yadi, kowanne na ɗaukar mutum biyu a fili ba rufi. Da su aka fara tarihin jirgin sama a Nijeriya, kuma jiragen yaƙi ne.

Hanyar da suka buɗe ta yi rana bayan shekara 15. Da tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila a 1940, sai aka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a Gana ta yau. A can ake harhaɗa su, su taso ayari-ayari ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Injamena, Hartum, har Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya tsakanin 1940 da 1943. Muhimmancinta ya kai har Jamusawa suka turo jirgi ya ratso Sahara a Janairun 1942 ya jefa bam a filin Fort Lamy.

Duk wannan labari ne na ji. Wanda ke son gani, ya shafa ƙarfen da hannunsa, sai ya ɗaura ɗamarar tafiyar yini guda cur zuwa Umuahia, babban birnin Jihar Abiya, inda Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa yake. Hanyar ba baƙuwa ba ce ga 'yan Arewa. Fataken shanu sun daɗe suna bin ta, da can a jirgin ƙasa ta Kafanchan da Makurɗi da Inugu, yanzu a tirela zuwa kasuwar Lokpanta.

An ƙaddamar da aikin gidan a 1985, zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon, aka buɗe shi a 1989 lokacin Janar Ibrahim Babangida. Ba a zaɓi garin da ka ba. A yaƙin basasa, bayan faɗuwar Inugu a Oktoban 1967, Umuahia ce ta zama hedikwatar Biyafara har dakarun tarayya suka karɓe ta a Afrilun 1969. Filin da aka gina gidan tarihin yana kan ramin ƙarƙashin ƙasa da gidan rediyon Biyafara ke watsa shirye-shirye daga ciki. Wani ramin, wanda aka haƙa wa Ojukwu, jagoran Biyafara, yana cikin gari, zurfinsa kimanin mita 8, shi ma ana kai baƙi.

Ɗakunan ciki sun fara ne da makaman gargajiya, kuma a nan Bazazzagi zai ji kamar yana gida: baka da kwari, mashi, takobi, garkuwa, bindigar toka. Irin waɗannan ne mutanen Kano suka riƙe a 1903 lokacin da Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairu da sojoji 'yan ɗaruruwa da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. Ranar 3 ga Fabrairu birnin ya faɗi. Wanda ya tsaya ya dubi kibiya da kyau, sannan ya taka zuwa inda aka jera bindigogin zamani, ba ya buƙatar malamin tarihi ya yi masa bayanin yadda ganuwa mai kauri irin ta Kano ta kasa kai azahar.

Amma abin da ke jan ido yana waje, a fili.

Mafi girma a jiragen shi ne Ilyushin Il-28, mai jefa bam, ƙirar Tarayyar Sobiyet. Injinsa biyu ne, ɗaya a ƙarƙashin kowane fiffike. Hancinsa gilashi ne, domin a nan mai duba hanya yake zama, shi ne kuma ke auna inda bam zai faɗa. Matuƙi na sama da shi, na ukunsu kuma yana can ƙarshen wutsiya shi kaɗai da bindigogi biyu, ya juya wa sauran baya, aikinsa kallon wanda zai biyo su. Cikinsa na iya ɗaukar bam har tan uku. Ba nisa da shi akwai MiG-17, gajere, mai buɗaɗɗen baki a gaba inda iska ke shiga inji, fikafikansa a karkace zuwa baya. Mutum ɗaya yake ɗauka, da manyan bindigogi uku a ƙarƙashin hanci, kuma gudunsa ya haura kilomita 1,000 a awa. Wanda ya leƙa kujerar matuƙin zai yi mamakin ƙuncinta. Ƙato ba zai sake a ciki ba.

Waɗannan jirage ta Arewa suka shigo. Rundunar mayaƙan saman Nijeriya jaririya ce lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967. A 1964 aka yi dokar kafa ta, Jamusawa ne suka fara horar da ita a Kaduna, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Abin da take da shi jiragen koyo ne da na jigila, irin su Piaggio da Dornier 27. Birtaniya da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Yakubu Gowon jiragen yaƙi, sai ta juya ga Mosko. A Agustan 1967 manyan jiragen dakon kaya na Sobiyet suka fara sauke MiG a filin Kano, a wargaje, makanikai suka harhaɗa su a nan. Daga Chekoslobakiya aka samo L-29, su kuma Il-28 suka biyo baya a 1968. Da yake 'yan ƙasa da suka iya tuƙa irin waɗannan ba su da yawa, Misirawa da wasu sojan haya ne suka fara hawansu.

Biyafara ce ma ta riga kai hari ta sama. Ta samo wani tsohon jirgin Amurka, B-26, ragowar Yaƙin Hitila, ta ba Jan Zumbach, ɗan ƙasar Folan da ya taɓa yi wa Ingila yaƙi a 1940. Ya kai hari Makurɗi, ya kuma kai filin jirgin Kano a daidai lokacin da ake haɗa jiragen MiG. A Oktoban shekarar, wani jirgin fasinja samfurin Fokker da aka mayar mai jefa bam ya tarwatse a sararin Legas da duk waɗanda ke cikinsa.

Sai kuma ɗan ƙaramin da kowa ke tsayawa a gabansa. Idan aka gwada shi da Ilyushin, kamar a ajiye ɗan tsako ne kusa da jimina. Sunansa na asali MFI-9B, an ƙera shi a birnin Malmo na Suwidin don koyon tuƙi da yawon shaƙatawa. Kujera biyu gare shi, injinsa mai ƙarfin doki 100 ne, gudunsa bai wuce kilomita 200 da 'yan kai a awa ba. Wani basaraken Suwidin, Carl Gustaf von Rosen, wanda ya daɗe yana aiki da mayaƙan saman Habasha, ya shiga jigilar kayan agaji zuwa Biyafara, ya ga ɓarnar da bam ke yi, ya yanke shawarar ramawa. Aka sayi biyar, aka kai su Gabon, aka shafa musu fentin soja, aka ɗaura wa kowanne roka 12, shida a kowane fiffike. Ranar 22 ga Mayu 1969 suka faɗa wa filin jirgin Fatakwal, matuƙa uku 'yan Suwidin, biyu 'yan Biyafara. Cikin 'yan kwanaki suka ƙara da Binin da Inugu da tashar wutar lantarki ta Ughelli.

Dabararsu ita ce ƙanƙanta. Suna tafiya dab da kan itatuwa, inda na'urar hango jirage ba ta ganinsu, ƙarar injinsu kuma ba ta isa kunne sai sun iso. Suna tashi daga kowane ɗan fili, su sauka a tura su ƙarƙashin bishiya. MiG kuwa gudunsa ya yi yawa a kansu, kafin ya saita ya wuce. An yi ta jayayya a kan yawan jiragen da suka lalata a ƙasa, kowane ɓangare da lissafinsa, amma ba wanda ya musa cewa sun girgiza Legas. Sun kuma tsoratar da kamfanonin mai. Yaƙin dai ba su sauya masa alkibla ba: ranar 15 ga Janairu 1970 aka kammala miƙa wuya a Legas. Shi von Rosen ya koma Habasha, aka kashe shi a garin Gode a 1977 lokacin yaƙin Ogaden.

A gefen jiragen akwai motoci masu sulke, na tarayya ƙirar waje, na Biyafara kuma waɗanda aka haɗa a gida da farantan ƙarfe a kan tsofaffin motoci da taraktoci, walda a bayyane. Akwai jirgin ruwan yaƙi, NNS Bonny, a girke a kan tudu, nesa da kowane teku. Akwai kuma Ogbunigwe, nakiyar da masana kimiyyar Biyafara suka ƙera, wadda sojoji ke kira bokitin Ojukwu. Ba ta da wani kwarjini a ido: mazubi ne na ƙarfe da ake cikawa da albarushi da tarkacen ƙarafa. Amma sunanta na haɗe da abin da ya faru a Abagana ranar 31 ga Maris 1968, inda aka yi wa ayarin runduna ta biyu, ta Kanar Murtala Muhammad, kwanton ɓauna, motoci kusan 100 suka ƙone. Tsofaffin sojan da suka yi ritaya a Sabon Gari da Basawa, waɗanda suka rage, ba sai an yi musu fassarar wannan suna ba.

A nan ne ya kamata mai ziyara ya yi hattara da kansa. Jirgin yaƙi abu ne mai kyan gani, kuma a gidan tarihi ya fi kyau, tunda ya yi shiru. Yara na ɗaukar hoto a jikinsa, matasa na gardamar wanne ya fi gudu. Amma Ilyushin ɗin nan da ire-irensa sun jefa bam a kasuwanni da asibitoci, masu aikin agaji da 'yan jarida na lokacin sun rubuta hakan. Ranar 5 ga Yuni 1969 wani MiG-17 ya harbo jirgin agaji na Red Cross kusa da Eket. Ƙiyasin waɗanda suka mutu a yaƙin, akasarinsu saboda yunwa, ya fara daga rabin miliyan ya haura miliyan biyu. Ɗan Zariya kuma ba zai ce abin daga nesa ya faro ba, domin kashe-kashen 1966 da suka kori dubban Inyamurai zuwa gida sun taɓa Sabon Gari. Ba kuma tsohon zance ba ne kawai: a Janairun 2017 jirgin soja ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Borno bisa kuskure, a Disamban 2023 kuma jirgi maras matuƙi na sojan ƙasa ya hallaka aƙalla mutum 85 a taron Maulidi a Tudun Biri, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, maƙwabciyar Zariya.

Abu na biyu da ido ke gani shi ne tsatsa. Umuahia ƙasar ruwa ce, damina doguwa, iska kullum a jiƙe, manyan kayan kuma shekara da shekaru suna waje. Jirgi ba a yi shi don zama ba. In ya daɗe a tsaye tayoyi su sace, roba ta farfashe, gilashi ya dushe, ruwa ya kwanta a cikin fiffike ya ci shi ta ciki, tsuntsaye su yi sheƙa a bakin inji. Fenti na rufe ido ne kawai. Shi ya sa Amurka ta ajiye dubban tsofaffin jiragenta a hamadar Arizona, kusa da Tucson, inda ruwan sama bai da yawa kuma ƙasa ke da tauri. Waɗanda take son nunawa kuma, fiye da 350 a gidan tarihin mayaƙan samanta da ke Dayton, yawancinsu a cikin manyan rumfuna suke.

Ta wannan fuska Arewa ta fi dacewa da ajiyar jirgi, ko da yake rana da ƙurar hunturu su ma ba sa raga wa fenti. Kayan da za a ajiye kuwa ba su yi kaɗan ba. Bayan yaƙin basasa Nijeriya ta sayi MiG-21 da Hercules a tsakiyar shekarun 1970, Alpha Jet a farkon 1980, sai Jaguar 18 daga Birtaniya a 1984, waɗanda ba su yi wani dogon aiki ba aka jingine su a Makurɗi saboda tsadar kulawa. Akwai Air Beetle, ƙaramin jirgin koyo da aka harhaɗa guda 60 a Kaduna bisa wani zanen Amurka, wanda matuƙan soja da yawa suka fara tashi da shi. Akwai Gulma na 2013 da Tsaigumi na 2018, jirage marasa matuƙa da injiniyoyin mayaƙan sama suka haɗa aka ƙaddamar a Kaduna. Wasu tsofaffin jiragen an ɗora su a kan dakali a sansanonin mayaƙan sama don ado, amma bariki ba wurin da malamin firamare zai kwashi ajinsa ya shiga yadda ya ga dama ba ne, balle a wannan zamani na rashin tsaro. Jirgin da ke bayan shinge da soja a ƙofa, amfaninsa ga mai karatun tarihi kaɗan ne.

Ajiye irin wannan kaya aiki ne na haƙuri, wani lokaci ma har da sa'a. Wanda ke son ganin samfurin jirgin da ya fara sauka Kano a 1925, sai ya je Hendon a arewacin Landan, gidan tarihin mayaƙan saman Birtaniya da aka buɗe a 1972, inda shiga kyauta ce. DH.9A ɗin da ke can ba ya cikin ukun da suka zo Kano, amma ɗan gidansu ne, lambarsa F1010. Yana cikin jiragen da Nizam na Haidarabad, sarkin Musulmi a Indiya, ya biya kuɗinsu ya ba Ingila gudunmawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A Oktoban 1918 aka tilasta masa sauka a hannun Jamusawa, suka kai shi gidan tarihinsu na Balin. Da bama-bamai suka fara sauka a birnin a yaƙi na biyu, aka kwashe abin da ya tsira zuwa gabas, gangar jikinsa ta ƙare a Krakow ta ƙasar Folan, ba fikafikai. A 1977 Ingila ta ba da jirgin Spitfire guda aka musanya mata shi, masu gyara suka ƙera masa sababbin fikafikai bisa zanen asali, sannan aka fito da shi ga jama'a.